Ku Tambayi Gwaggo: Hutun yara ba sai Abuja ba, da sauran tambayoyinku kan tattalin gida

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Saƙonnin da suka shigo wannan karon kusan duk bakinsu ɗaya, kuɗi ba sa isa, wata bai kai rabi ba aljihu ya bushe. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin man fetur har yau ba a gama farfaɗowa ba, ko da wasu kayan abincin sun ɗan sauko. Na zaɓi guda shida, sauran ku yi min haƙuri sai fitowa ta gaba. Kamar kullum ba na sa sunan kowa, garinku kawai zan faɗa.

TAMBAYA: Gwaggo ina wuni, ya aiki. Ni malamin makaranta ne nan Birnin Kebbi, Badariya nike zaune, mata ɗaya da ɗiya biyar. Duk sadda anka koma makaranta bayan hutu sai yaran su dawo suna ba ni labari, wane an kai shi Abuja, wance ta tafi Kaduna gidan kawunta, har akwai wanda anka tafi da shi Umra. Babbar ɗiyata har kuka ta yi min wancan hutun tace su ba a kai su ko'ina. Na ɗan tara dubu sittin amma na san ko kuɗin motarmu mu bakwai zuwa Abuja da dawowa ba za su yi ba. Mi kika gani Gwaggo?
Malamin firamare, Birnin Kebbi

AMSA: Malam sannu da ƙoƙari, uban da ya iya ɓoye dubu sittin cikin albashin koyarwa a wannan marrar ai sai a jinjina masa. Amma dan Allah ka cire Abuja daga ranka. In ma kuɗin motar sun isa, a ina za ku sauka, me za ku ci, kuma ku je ku ga me, titi da gada? Kukan da yarinyarka ta yi ba na Abuja ba ne, so take ranar da aka koma makaranta in ana labari ita ma ta buɗe baki tace mu ma Babanmu ya kai mu wuri kaza. Wannan kuwa da rabin kuɗin hannunka za ka yi shi har ka yi canji.

Ga Argungu nan kusa da kai, tafiyar kamar awa guda. Wallahi abin yana ba ni mamaki, Turawa su taso daga uwa duniya su zo kallon gidan tarihi na Kanta, mu da muke maƙwabtaka da shi akwai wanda ya yi furfura bai taɓa leƙa zaurensa ba. Tsohuwar fadar sarakunan Kabi ce, a 1958 aka mayar da ita gidan tarihi, akwai kayan yaƙi na da, masu da takubba da kwari da baka, da tambura, da kayan su, ga kuma kaburburan sarakuna a ciki. Kai da kake malami ai nan ne wurin da za ka baje kolinka, tun a mota ka fara ba su labarin Muhammadu Kanta, yadda ya ƙi biyayya ga Askiya na Songhai a ƙarni na 16 ya kafa daular Kabi ya yi hedikwata a Surame, in sun shiga sun ga kayan da idonsu labarin zai zauna musu fiye da abin da ake rubuta musu a allo. Daga nan ku gangara bakin Matan Fada, inda ake bikin kamun kifin da aka fara a 1934 lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara Argungu bayan dogon zaman doya da manja tsakanin Sakkwato da Kabi. UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ma ta sa bikin cikin al'adun gado na duniya a 2016. Ka nuna musu inda dubban masunta ke faɗawa ruwa da homa da gora ana neman wanda zai fito da giwan ruwa mafi girma.

Amma fa ni ba lokacin bikin nake cewa ku je ba. Lokacin biki kuɗin mota ninkawa yake, ruwan leda ma sai ya yi tsada, ga turmutsutsu, mutum da yara biyar sai ya wuni yana ƙirga kawuna bai ga komai ba. Kuma ba kowace shekara ake yinsa ba, an taɓa ɗaukar kusan shekara goma ba a yi ba sai a 2020. Ku je ranar da garin yake shiru.

Yanzu ga inda kuɗin ke zurarewa a irin wannan fita, ba a mota ba ne, a ciki ne. Yara biyar in suka fita da yunwa, wannan ya ga mai tsire, wancan ya ga mai yogot, ƙaramin ya ga mai balan-balan ya kwanta a ƙasa, kafin azahar ka kashe abin da ya fi kuɗin motar. Don haka uwargida ta tashi da asuba ta yi dafa-duka a zuba a kula, a kwana da zoɓo a firijin maƙwabta in babu naku, a cika jarka da ruwa, a naɗe tabarma. Kowane yaro ka damƙa masa ɗari biyar a hannunsa kace wannan naka ne, in ya ƙare ya ƙare, za ka sha mamakin yadda yaron da ke cewa Baba saya min Baba saya min zai koma mai lissafi in kuɗin nasa ne. Abu ɗaya za ka saya na kowa da kowa, kifi, don ba a zuwa Argungu a dawo ba a ci kifi ba. Maganar mota kuma ka je tasha kwana guda kafin tafiyar, ka tambayi kuɗin kujera sannan ka tambayi shata zuwa da dawowa, ku bakwai ne, sau da yawa shatar ƙaramar mota ta fi sauƙi kuma ta fi kwanciyar hankali, direba ya jira ku ku ba shi abinci cikin naku.

Babbar kuwa ka saya mata ɗan littafi da biro kace ita ce mai rubuta abin da aka gani, ka ba ta wayarka ta riƙa ɗaukar hoto. Wani hutun sai ku yi Gwandu ku ziyarci hubbaren Malam Abdullahi ɗan Fodiyo. Hawan Sallah kuma a ƙofar fadar Sarkin Gwandu nan cikin Birnin Kebbi kyauta ne, ɗan acaba kawai za ka biya.

Abu biyu da ba na wasa da su. Na farko hanya, ku fita da hantsi ku dawo kafin la'asar sakaliya, kuma ka tambayi direbobin tasha lafiyar hanya a ranar, su suka fi kowa sani. Na biyu ruwa. Yara za su ga kwalekwale su ce sai sun hau, in babu rigar ruwa kada ka yarda ko za su yi kukan jini, ba mu manta jirgin da ya kife kusa da Wara ta ƙaramar hukumar Ngaski a watan Mayun 2021 ba, rayuka masu yawa suka salwanta, Allah Ya jiƙansu. Shi ya sa ma na fi son hutun Disamba a kan dogon hutun damina, lokacin ruwa ya janye, hanya ta bushe, abinci ya yi sauƙi.

Masu karatunmu na Zamfara na san za ku ce mu fa? Kuna da Dutsen Kwatarkwashi, kuna da madatsar ruwa ta Bakolori can wajen Talata Mafara, amma a wannan yanayi na 'yan bindiga ba ni zan ce ku kwashi yara ku nufi can ba. Ku yi fitarku cikin gari, Allah Ya kawo mana ƙarshen abin.

Sauran kuɗin Malam ka ɓoye su, komawa makaranta na nan tafe da takalmi da littattafai.

TAMBAYA: Gwaggo barka da aiki. Maigidana kullum da safe dubu uku yake aje min na cefane, mu takwas ne a gidan har da ƙanwarsa. Wallahi ba sa isa, kullum sai na cika da kuɗin kitson da nake yi, in na yi magana yace ai wasu ko hakan ba su samu. Ba faɗa nake so ba, dabara nake nema.
Uwar gida, Tudun Wada, Gusau

AMSA: 'Yata Allah Ya yi miki albarka da kike cikawa ba ki tona asirin gidanki ba. Dubu uku ga mutum takwas ba ta da yawa, gaskiya ce wannan, amma babbar matsalar ba yawan kuɗin ba ce, yadda ake ba ki su ne. Dubu uku kullum dubu casa'in ce a wata. Wanda ya riƙe dubu casa'in ya shiga kasuwa da wanda ke aiken yaro shago da dubu uku kowace safiya, kuɗinsu ɗaya amma abin da za su kawo gida ba ɗaya ba ne. Man ƙulli, magin hamsin, gishirin hamsin, omon ɗari, kowane ƙulli akwai ribar mai shago a ciki da kuɗin ledarsa, kuma ba laifinsa ba ne sana'arsa ke nan, ke ce dai kike biyan ribar sau talatin a wata maimakon sau ɗaya.

Ki samu lokacin da ya ci ya ƙoshi, ba da safe yana neman takalmi ba, kice masa ba ƙari kike nema ba, so kike ya haɗa miki na sati guda ko na sati biyu ki gwada. Maza da yawa in suka ji ba ƙari ba ne kunnensu buɗewa yake. In ɗan kasuwa ne da kullum yake samu ba mai albashi ba, to ki riƙa cire ɗari uku kullum kina zubawa a adashin unguwa, ranar kwasarki ki sayi mai galan, magi fakiti, gishiri da sabulu na wata. Watan farko ne mai wuya, daga nan kuɗin safiya sai su koma na kayan miya kawai.

Sai maganar lokaci, wadda iyayenmu suka sani mu muka watsar. Komai yana da watan arharsa. Gero da dawa da masara da wake, kaka. Tumatir da tattasai da attaruhu, daga tsakiyar hunturu zuwa farkon bazara lokacin da 'yan lambu ke kwasa, har zubarwa ake, sannan da damina ta kawo kai ki ga guda huɗu an ce ɗari biyar. To lokacin arhar ki haɗa kai da maƙwabciyarki ku sayi kwando ku raba, ki yanka ki shanya a kan tabarma mai tsabta ko sabon buhu, a saman rufi ko wani abu mai tudu ba a ƙasa inda awaki da ƙura suke ba, ya bushe ƙayau ki ɗure. Kauɗar da kika yi da hannunki ta fi ta kasuwa nesa ba kusa ba, babu yashi babu baƙi. Haka kuɓewa, haka zogale da rama da sure, su kuma ganye a inuwa ake shanya su don kada su ƙone su rasa amfaninsu. Albasa kuwa in mutanen Aliero suka fara cirewa da rani tana arha sosai, ki saya ki baza ta a wuri mai iska, kada ki bar ta a buhu, kina dubawa kina cire wadda ta fara laushi.

Shinkafa, mu nan Kebbi Allah Ya hore mana, sau biyu ake girbi, na damina da na rani, fadamun Argungu da Augie da Suru da Bunza. Ku ma Zamfara kuna da ta Bakolori. Buhun shanshera in aka saya lokacin girbi aka yi gumi aka kai inji yakan ba da sama da rabin nauyinsa, kuma in kika lissafa ta fi 'yar kamfani sauƙi, aikin tsintar tsakuwa ne kawai, shi kuma ai akwai ƙanwar miji a gidan.

Wake ne mai rigima saboda ƙwari. Dan Allah ki ji ni da kyau, kada ki zuba wa abincin da 'ya'yanki za su ci fiya-fiya ko wannan ƙwayar da ake jefawa a buhu, balle a ɗakin da ake kwana, guba ce, an sha rasa mutane ta haka. Ki shanya waken ya bushe sosai, ki samu jarka mai tsabta busasshiya wadda ba a taɓa zuba fetur ko magani a ciki ba, ki cika ta har wuya, ki sa leda a bakin ki murɗe murfin. Ƙwaro shi ma numfashi yake, in babu iska mutuwa yake da ƙwansa. Kada ki riƙa buɗewa, ki ware na ci daban. In da yawa ne akwai buhun PICS mai leda biyu a ciki, aikinsu ɗaya.

Sai dai ban ce a ci bashi a cika ɗaki da hatsi don a jira tsada ba. Waɗanda suka yi haka sun ji a jikinsu a 2025 da farashin masara da shinkafa ya faɗi warwas. Na ci za ki aje, daidai bakin gidanki.

Nama kuma ba dole kullum ba. Waken suya kuna noma shi a Zamfara, mudu guda in kika yi awara gidan duka zai ci har a ɗiba wa maƙwabta, ga ƙuli-ƙuli a kwaɗon zogale, ga busasshen kifi ɗan kaɗan a daka a miyar kuka da daddawa mai kyau. In ana son nama na gaske a shiga watanda, mutum goma ko ashirin su haɗa kuɗi a yanka sa a raba kashi-kashi, ya fi sayen na ɗari biyar wurin mahauci. Wurin da ban yarda a rage ba shi ne karin kumallon yara, ko kunu ne da ƙosai su sa wani abu a ciki kafin makaranta.

Kuɗin kitsonki kuma ki daina zuba su duka a tukunya. Ki raba biyu, rabi ki aje, ranar da yaro zai tashi da zazzaɓi tsakar dare za ki gode min.

TAMBAYA: Gwaggo gas da gawayi wanne ya fi sauƙi? Kullum gardamarmu ke nan da maigida.
Amarya, Jega

AMSA: Amarya ku duka kuna da gaskiya shi ya sa gardamar ta ƙi ƙarewa. Abin da zai yi sauri, shayi, ɗumame, taliya, ruwan wankan jariri, gas ya fi, don kafin ki hura gawayi ya kama kin gama. Abin da zai daɗe a wuta, wake, tuwo, ganda, ki kai shi kurfoti. Ki jiƙa wake tun dare, ki riƙa rufe tukunya, ki yanka komai ki aje kafin ki kunna wuta ba ki kunna sannan ki tafi neman wuƙa ba. In za a ɗura gas maigida ya tsaya a auna a gabansa, nauyin tukunyar ba komai a rubuce yake a jikinta, kuma ki riƙa shafa ruwan kumfa a bakin tiyo, in ya yi ƙwai-ƙwai yana tsiyaya. Gawayi kuma ko sanyin hunturu zai kashe ku kada ku shiga da shi ɗaki ku rufe ƙofa, yana fitar da iskar da ba a gani ba a jin warinta, mutum yana barci zai wuce.

TAMBAYA: Gwaggo ni matsalata biki. Wata guda nan an aiko min anko huɗu, biyu na dangin miji, ɗaya na ƙawata, ɗaya na 'yar maƙwabta, ga gudunmawa ga ɗinki ga lalle. In ban yi ba a ce na raina mutane ko a ce mijina ya karye. Har sarƙata na kai jingina bara saboda anko. Ya zan yi?
Maman yara, Argungu

AMSA: Innalillahi, sarƙa a jingina saboda atamfar da za a sa wuni ɗaya! 'Yata wannan tambayar taki ita ce ta fi ci min rai a duk saƙonnin, don na san ba ke kaɗai ba ce. Mace za ta wuni tana ja-in-ja da mai kayan miya a kan naira hamsin, ta rage wa miya mai, ta hana yaro kuɗin tara, sannan a turo hoton leshi a guruf ɗin WhatsApp ta tura dubu ashirin ko tari ba ta yi ba. Tattalin namu duk a kan cikinmu yake ƙarewa, in aka zo wurin idon mutane sai hannu ya saki.

Zumunci wajibi ne, anko ba wajibi ba ne, kada ki bari a haɗa miki su. Cikin huɗun nan ki zaɓi ɗaya, wanda ya fi kusa, in ma za ki iya. Sauran ki je tun ana saura kwana biyu, ki kama aiki, ki yi gyaran shinkafa ki yi wanke-wanke, ki ba uwar amarya abin da ya sawwaƙa a hannunta, ko kwanon shinkafa ne ko sabulu ko 'yar dubu biyu, kice Yaya ga wannan ba yawa, ankon ne bana bai samu ba. Ranar biki ki sa atamfarki mai kyau wadda kalarta ta yi kusa da tasu. Uwar amaryar da ke da hankali ta fi son kuɗin a hannunta da a jikinki, don ita ma bashin kayan ɗaki da gara ne ya sha mata kai. Za a yi magana? Za a yi, sati guda, sai wani bikin ya taso a koma kan wata. Kuma ki lura, ranar da kika fara cewa bana ban samu ba, sai kin ga mata biyu uku sun biyo bayanki, dama jira suke wata ta fara.

Na dangin miji ne mai ɗan nauyi, shi kada ki yanke ke kaɗai, ki sa maigidan a gaba, in yace a yi to ya biya, in yace babu hali shi zai faɗa wa 'yan uwansa ba ke ba. Kuɗin farko da kika samu kuma ki je ki karɓo sarƙarki.

Ku ma masu fitar da anko ku ji tsoron Allah, wasunku har riba suke ɗorawa a kan kowane turmi.

TAMBAYA: Gwaggo ni saurayi ne ina aiki a shagon kayan gini, ana biyana dubu hamsin da biyar. Ba ni da mata, gidanmu nake ci, amma wallahi kafin ashirin ga wata ba ni da ko sisi, kuma ni ban ga abin da nake saya ba. Aure nake so nan da shekara biyu.
Ɗanki, Kaura Namoda

AMSA: Ɗana ba aljanu ke ɗauka ba, ka buɗe wayarka ka duba alat na wata guda za ka ga ɓarawon. Ina iya rantsuwa data ce kan gaba. Tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari na kuɗin kira da data a Janairun 2025 abin ya ƙara nauyi, kuma mai sayen ta kwana ɗaya kwana ɗaya ya fi kowa asara, ɗari biyar yau ɗari biyar gobe, dubu goma sha biyar ke nan a wata, fiye da rubu'in albashinka, a kallon TikTok. Ka sayi ta wata guda sau ɗaya, ka shiga saitin WhatsApp ka hana shi sauke bidiyo da kansa, Facebook ma ka hana bidiyo tashi da kansa, in ta ƙare kafin wata ka haƙura ka yi hira da mutane.

Sai POS. Ka ciri dubu biyu a caje ka, anjima ka ciri dubu uku a sake cajinka, ga naira 50 da ake yanka a turin kuɗi daga dubu goma zuwa sama. Ka ciri na sati gaba ɗaya. Sai majalisa, shayi da Indomie da ƙwai da dare alhali an aje maka tuwo a gida. Ban tambaye ka cacar ƙwallo ba, in kana yi kai ka sani, haramun ce kuma ba a gina gida da ita. Manhajojin bashin nan na waya kuma ko da wasa kada ka taɓa, ruwa ne a kai, in ka makara su bi lambobin wayarka suna tozarta ka har wurin surukan da ba ka kai ga samu ba.

Ranar da albashi ya shigo, a ranar, ka cire dubu goma sha biyar ka kai inda hannunka ba zai kai ba, adashin mutanen kasuwa amintattu ko ka ba Inna ta saya maka tunkiya. A shekara biyu dubu ɗari uku da sittin ne ko tunkiyar ba ta haihu ba. Ba za su yi auren duka ba amma ka samu abin buɗe baki.

TAMBAYA: Hajiya Gwaggo, ni ɗan kasuwa ne, matata ɗaya da ɗiya shida. Da na ga abinci na saurin ƙarewa sai na sa wa sito kwaɗo, kullum da safe ni ka auna mata da kaina. Yanzu ta ce ni marowaci ne, har ta kai ƙarata wurin mahaifiyata. Ni kau tattali nike. Ina laifina?
Magidanci, Yauri

AMSA: Alhaji ka tambaye ni don haka zan faɗa maka, laifinka kwaɗon nan. Matar da ka amince mata da 'ya'yanka shida da mutuncinka ita ce ba ka amince mata da mudun shinkafa ba? Ka san me ake ji a ce baƙi sun yi sallama da rana, ko yaro ya dawo islamiyya da yunwa, uwar gida tana tsaye makulli yana kasuwa a aljihunka? Maƙwabta duk sun sani fa, yara ne ke kai labari.

Ban ce ƙarya kake ba, mai yiwuwa abincin yana saurin ƙarewa. Amma ka bincika dalili? Yara shida girma suke, cin bara ba shi ne na bana ba. Wataƙila ana dafa fiye da ƙima ana zubarwa, wannan gyara ne na magana ba na kwaɗo ba, a rage awo, abin da ya kwana a yi ɗumame. Wataƙila tana ɗiba tana sayarwa, to in haka ne ka tambayi kanka yaushe rabon da ka ba ta kuɗin sabulu da man shafawa da na unguwa ba ta roƙa ba. Wataƙila kuma tana miƙa wa wata 'yar uwa ko almajiri, wanda ladan har da kai. Kuma tunda lissafi ake, ka haɗa da naka, balangun da ake ci a bakin kasuwa da lemon kwalba da kuɗin da ake miƙa wa maroƙa a wurin ɗaurin aure, su wa ke sa musu kwaɗo?

Addininmu bai bar wannan ba. A Suratul Furƙan aya ta 67 Allah Ya yabi bayinSa da cewa in za su ciyar ba sa ɓarna kuma ba sa ƙuntatawa, tsakiya suke bi. Kuma ka san Hindu matar Abu Sufyan ta kai kukan maƙon mijinta wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba ta izinin ta ɗibi abin da zai ishe ta da 'ya'yanta gwargwadon al'ada. To ka ga ba matarka ce ta fara kai ƙara ba.

Abin da za ka yi, ku zauna ku biyu bayan yara sun kwanta, ka faɗa mata gaskiyar yadda kasuwa take, mata da yawa ba su san samun mazansu ba shi ya sa suke zaton akwai ana hana su. Ku auna tare ku ga kwano nawa gidan ke ci a sati, ku ƙara ɗan na baƙo a kai, ka sauke mata na wata ka miƙa mata makullin kace ga shi nan ke da Allah, ya kai mu ƙarshen wata. In ta yi rara kada ka karɓe, nata ne. Ka gwada wata biyu ka rubuto min. Kafin nan ka sayi goro ka je ka ba Inna haƙuri tun ba ta aiko a kira ka ba.